Ranar da Alima ta Dafa Ƙasa

Rana ta riga ta faɗa bayan rufin kwanukan Maamobi lokacin da ruwan ya tafasa. Alima ta tsaya a kan tukunyar, hannu ɗaya dafe da ƙugu, tana kallon gawayinta na ƙarshe yana komawa toka. Tun asuba take tsaye a layin dokunu, ƙullin tuwon masarar nan, a Nima, ba ma dafaffe ba, ɗanye, don a waccan shekarar ta alif ɗari tara da tamanin da uku mutane ba sa iya jira a sauke shi daga wuta. Ta dawo da ƙulli biyu da ƙafafu a kumbure. Babu lantarki kamar kullum, saboda haka ladanin masallacin bakin gota, babbar kwatar unguwar, ya hau katanga yana gyaran murya.

Abin da ya sa mace mai hankali irin Alima take tafasa ruwa cike da tukunyar koko a bakin magariba, ba don wanka ba, ba don tuwo ba, kuɓewa ce. Kada ku yi dariya. A bayan ɗakinsu akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katangar maƙwabta, bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, kuma a nan uwarta, wadda kowa ke kira Inna, ta yi shekara talatin tana shuka. Daga ƙasar Ƙonni Inna ta zo tana amarya, a bayan motar fataken goro, kuma duk dukiyar da ta shigo da ita Gana ƙullin irin kuɓewa ne a bakin zane. Gajera ce kuɓewar, mai jan wuya, tun tana tsiro za ka gane ta, yauƙinta kuwa guda huɗu sun ishi tukunya. Kowace shekara Inna takan bar manyan a jikin kara su bushe, ta ɗaura musu tsumma don kada wani ya tsinke da kuskure, sannan ta fasa ta zuba a kwalba, ta haɗa da toka saboda ƙwari.

Inna ta rasu, Alima ta shagala da sayar da koko, kwalbar ta yi shekara biyu a bayan akwati. Sai da sama ta riƙe ruwanta, gobara ta cinye gonaki, masara ta ɓace daga kasuwa, mijinta Abdulai ya dawo daga Legas cikin waɗanda aka koro da jaka ɗaya da rediyon da ba ya magana, sannan ta tuna da ita. Shi kuwa iri, yadda mutum ke tsufa haka yake tsufa. Idan bai shiga ƙasa bana ya ba da sabo ba, shi ke nan, kuɓewar Inna ta ƙare a hannunta.

Shuka ta farko tumakin unguwa suka kwashe, tana layin kananzir. Ta biyu kaji suka tone. Ta yi shinge da tsatsattsen kwano da yagaggiyar komar masunta, ta riƙa tara ruwan wanke-wanke da na alwala tana ba su da cokali kamar masu jinya. Ta uku ta fito gwanin sha'awa, amma a rana ta huɗu wuyan kowane tsiro ya tsuke, suka kife gaba ɗaya. Ta ɗaga kwalbar a hasken rana, abin da ya rage da ƙyar ya rufe gindinta. Ranar dai ta zauna a bakin lungun ta yi kuka, kuma ta ji haushin kanta da take zubar da hawaye a kan ganye.

A nan Baba Jamiu ya same ta, wani tsohon Bayarbe da ke ɗakin ƙarshe, wanda ya yi shekara ashirin yana kula da furanni a wani babban gida a Kokomlemle. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Maman Zelia, ƙasan nan yana da ciwo paa," ya ce da irin Hausarsa ta zango. "Tsutsa yana ciki, ido ba ya gani. A gidan Bature muna dafa shi. Ka tafasa ruwa, ka zuba, ya kwana ya huce, gobe ka shuka. Za ka zo ka gode mini."

Ita dai ta ji an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba ta taɓa jin an dafa ƙasa ba. To, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ga ta nan ke nan, ruwa yana ɓararraka, gari yana duhu.

Kuma ta sani. Wannan shi ne abin da ba za ta taɓa iya musu ba daga baya. Inna ba ta taɓa zubar da ko ruwan ɗumi a lungun nan ba sai ta yi bisimilla, ta ɗaga murya ta ce, "Masu wuri, ku kauce da 'ya'yanku," sannan ta ɗan dakata kamar mai jiran a wuce. Da magariba kuwa ko da me za a ba ta ba za ta zuba ba. Alima ta tuna da wannan sarai. Sai dai idan ta bari sai da safe, ruwan zai huce, kuma babu wani gawayin da za ta sake hura wuta da shi har wa ya san ranar. Bayanta yana ciwo. Bakinta ma ya yi nauyin da magana ta zama aiki.

"Zelia, zo ki kama mini kunnen tukunyar nan."

'Yarta ce tilo, shekararta sha shida, doguwa mai yawan dariya, duk da yunwa ta fito da ƙasusuwan wuyanta. Ta zo da tsumma ta kama, ta dubi sama.

"Mma, ana kiran salla fa."

"Yi sauri dai, mu gama mu huta."

Suka kinkima, suka karkata. Ruwan ya kwarara a kan busasshiyar ƙasa, tururi ya tashi ya cika lungun da wani wari kamar na jiƙaƙƙen gashi. A cikin tururin ne suka ji ƙarar. 'Yar siririya ce, sau ɗaya tak, daga ƙasan katanga. Zelia ta saki kunnen tukunyar.

"Mma, kin ji?"

"Kyanwa ce," in ji Alima. Ta ja tukunyarta ta koma ciki, ba ta waiwaya ba.

Da safe ta shuka rabin abin da ya rage, ta mayar da kwalbar bayan akwati. Maganar Baba Jamiu kuwa ta tabbata. A rana ta biyar sai ga su sun fasa ƙasa, jajayen wuya, a tsaye ƙyam, babu wanda ya kife. Sati ya zagayo ganye ya buɗe. Matan gidan suka riƙa leƙowa suna tafa hannu, Alima kuma ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Duwatsun sun fara ne a yammacin da tsiron ya fito. Ladan yana cewa Allahu akbar, sai ƙwas a kan kwanon ɗakinsu. Can kuma ƙwas. Ba da yawa ba, uku ko huɗu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Abdulai ya fita da sanda ya zagaya har bakin gota, bai ga kowa ba. Washegari haka, jibi haka. Ɗakuna tara ne a gidan, rufinsu a haɗe, amma a kan nasu kaɗai dutsen ke sauka. Da Abdulai ya hau ya kwaso su, sai ya ga da danshi a jikinsu, a garin da ya yi wata huɗu bai ga ɗigon ruwa ba.

"Yaran unguwa ne," in ji Alima. "Yunwa ce ta hana su zama."

Daga baya murya ta biyo. Idan gari ya yi jajir, hayaniyar gidan ta lafa don kowa yana alwala, sai a ji wata mace a bayan bango tana rarrashin yaro. Ba a jin kalmomin, sai sautin kawai, a gajiye, irin na uwar da ta yi kwanaki ba ta runtsa ba. Matan gidan suka daina bi ta wajen lungun. Baba Jamiu ya daina zuwa duba shukar, idan sun haɗu sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Zelia kuwa dariyarta ta ɗauke. Abinci ga shi ba yawa, amma ɗan nata ma sai ta ture. Da la'asar sakaliya za ta tafi lungun ta tsuguna a gindin katanga, hannuwa a naɗe a ƙirji, tana jijjiga abin da babu wanda ke gani. Idan aka kira ta sai ta ɗago ido a hankali kamar an taso ta daga nesa. Wata safiya Alima tana taya ta cire riga, sai ta ga bororo jere a bayanta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, irin na ƙunar ruwan zafi. An kai ta asibiti, aka shafa mata wani shuɗin magani, aka tambaye su wa ya ƙona ta. Wasu suna bushewa, wasu suna fitowa.

"Alima, a kira malam," Abdulai ya ce. Mutum ne da Legas ta karya masa murya, kullum sai ya wuni yana dako a tashar motar Sakul ya dawo ya zauna shiru. "Ruwa ba ya tsami banza."

"Maigida, ƙurajen zafi ne. Mu ga kwana biyu."

Kwana biyun nan sai da ya zama arba'in. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa Alima daɗi ba: tsoro take ji, amma ba tsoron aljan ba. Tsoronta malam ya zo ya nuna lungun nan ya ce a tuge. Kuɓewar ta kai ƙugu, ta yi fure ruwan ƙwai, ta fara 'ya'ya. Ranar da ta tsinki huɗu ta yi miya, Abdulai ya lashe kwano har da yatsa, ita kuma ta ji kamar Inna ce zaune a bakin murhu. Ta zaɓi manya guda shida ta ɗaura musu tsumma. Sati biyu kawai take roƙo su bushe ta fasa su a kwalba, daga nan ko malamai goma ne a kira. Kullum da haka take kwana, tana jin numfashin 'yarta yana ƙara nisa, tana ce wa zuciyarta saura kaɗan.

Ran wata Talata da yamma ta fito da gwangwanin ban ruwa, ta tarar da Zelia tsaye a tsakiyar shukar. Yarinyar ta juyo. Fuskar tata ce, amma tsayuwar ta tsohuwa ce.

"Ke 'yar Inna," aka ce da bakin Zelia, "ashe haka kike da taurin zuciya?"

Gwangwanin ya faɗi. Zelia haifaffiyar Maamobi ce, Hausarta rabi Turanci rabi Tuwi, ba ta taɓa iya irin wannan tsohuwar Hausar mai nauyi ba. Tana gama faɗin haka ta zube a kan kuɓewar, jikinta ya sandare. A wannan karon Abdulai bai tambayi kowa ba, ya zura takalmi ya fita.

Malam Zuberu ya zo washegari bayan la'asar. Ɗan tsamurmurin dattijo ne mutumin Tawa, yana koyar da manya karatu a wani zaure a Nima, kuma ba mai son hayaniya ba ne. Ya kori 'yan kallo, ya ce a shimfiɗa tabarma a bakin lungun a kwantar da yarinyar, uwa da uba su zauna. Ya dubi shukar, ya dubi ƙasar da ta yi fari fat a gindinta, ya dubi Alima.

"Me aka zuba a nan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta faɗa masa duka, har da lokacin, har da bisimillar da ba ta yi ba. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya yi alwala, ya zauna daidai kan yarinyar, ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta tsawaita ta rufe su. Sai da hasken ya koma ja sannan yatsun Zelia suka fara motsi, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Malam, sassauta," muryar ta ce. "Kada ka gajiyar da kanka. Ni ma ina salla, kuma na fi ka gajiya."

"In kina salla, kin san zalunci haramun ne. Wace ce ke, me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. A gindin rimin da ke bakin kasuwa aka haife ni, aka sare shi aka yi titi. Na koma kurmin bakin rafi, aka share shi aka yi ɗakuna, rafin ya zama wannan ƙazamar gotar. Na koma wani kango, aka rufa shi aka zuba haya. Duk Maamobi babu tafin hannu ɗaya da ba ku taka ba sai lungun nan. Tsohuwar gidan nan ta san da mu. Shekara talatin ba ta taɓa zuba ko ruwan wanke shinkafa ba sai ta yi mana magana. Da ta mutu, ni na bi gawarta har maƙabarta." Muryar ta tsaya, ta ja numfashi. "Ɗana yana barci a gindin katanga. Wannan ta juye masa tukunya."

Alima ta rufe baki da mayafi. Abdulai sai salati yake yi ƙasa-ƙasa.

"Ya mutu?" Malam ya tambaya.

"Bai mutu ba, bai kuma warke ba. Bayansa a saluɓe yake. Ɗa ta taɓa mini, ɗiya zan ɗauka."

"Ba haka shari'a ta ce ba, kin kuma sani. Ba a biyan ƙuna da rai. Yarinyar nan umarnin uwarta ta bi, har ta tuna mata ana kiran salla. Ki ji tsoron ranar da ni da ke za mu tsaya wuri ɗaya." Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, jikin Zelia ya ɗauki rawa, bororon bayanta suka jiƙa rigar.

"Tsaya!" muryar ta ce. "Tsaya, Malam. Ka tambaye ta, kwana nawa ina ƙwanƙwasa mata rufi? Ni ba jifa nake yi ba, sallama nake yi. Ƙasa ta bushe har ƙarƙashi, babu wani ganye mai sanyi da zan sa masa sai yauƙin kuɓewar nan, kuma mu ba ma ɗaukar abin da aka yi wa shinge sai an ba mu. Da ta fito ran farko ta ce a yi haƙuri, da ganye biyu sun ishe ni. Ta ji kukansa ta ce kyanwa ce. Ta ga bayan ɗiyarta ta ce ƙuraje ne. Tana ɗaura wa kuɓewa tsumma, ni ina ɗauke da ɗa yana narkewa a hannuna."

Can nesa ladan ya fara kira, sautin yana zuwa yana yankewa.

"Yanzu me zai fitar da ke?" in ji Malam. "Ki sani babu jini, babu turare, babu wani yanka. Ba bauta za a yi miki ba. Ɓarna aka yi, ɓarna za a biya."

"Kuɓewar nake so. Duka. Kara da ganye da saiwa, da shidan nan masu tsumma, da abin da ke cikin kwalba a bayan akwati. A kai mini bayan Alajo inda rafi bai mutu ba, can zan koma in shuka abina. Na gaji da zama da mutane."

"Wayyo, a bar mini ko kaɗan!" Maganar ta kuɓuce wa Alima kafin ta sani. "Na Inna ne. Shi kaɗai ta bar mini. Ki ɗauki karan duka, ki bar mini kwalbar."

Idanun Zelia suka juyo kanta, jajaye, a bushe. "Ran farko ganye biyu ne kuɗinsa. Ke kika bari ya yi tsada."

Malam Zuberu ya dubi Alima yana jan carbi. Ta tashi da ƙyar kamar an ɗora mata buhu, ta shiga ɗaki, ta janye akwatin. A cikin duhun ɗakin ta buɗe kwalbar, kuma Allah ya gani, hannunta ne ya yi aikin kafin zuciyarta: ta zazzage ƙwaya uku ta ƙulle a bakin zane, daidai yadda Inna ta shigo da su ƙasar nan. Ta fito ta ajiye kwalbar a kan tabarma.

"Da ukun da ke bakin zanenki," muryar ta ce, ba tare da fushi ba.

Alima ta dubi 'yarta. A karo na farko cikin kwana arba'in ta dube ta sosai, ba da gefen ido ba. Ta ga wuyan da ya tsuke, kai yana rinjayarsa, ta tuna da tsiron da suka kife mata a rana ta huɗu. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci ɗaya. Ta kwance ƙullin, ta zuba ukun a kwalba, ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Ki yafe mini. Na ji kukansa, na san ba kyanwa ba ce. Gajiya ce ta sa na zuba, son kai ya sa na yi shiru. Allah ya ba shi lafiya."

Jajayen idanun suka ƙura mata.

"Da muryar uwarki kika yi maganar nan," aka ce daga ƙarshe.

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa da wanda ya halicci mutum da aljan cewa ba za ta sake komawa jikin yarinyar ba, ba kuma za ta taɓa kowa a gidan ba. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Yatsan ya yi rawa, Zelia ta yi atishawa sau uku, ta sulale a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido sai ta dubi mutanen da ke kanta da mamaki.

"Mma, ina jin yunwa paa."

Da hannunta Alima ta tuge kuɓewar washegari da sassafe, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Abdulai ya zuba su a daro ya ɗauka a kai, ita ta riƙe kwalbar, suka taka har bayan Alajo. Suka ajiye a gindin wata ciyawa a bakin rafin, ta yi bisimilla, suka juyo. Bororon bayan Zelia suka bushe cikin sati, suka bar tabo, kuma dutse bai sake sauka a rufinsu ba. Baba Jamiu ya zo ba da haƙuri, ta ce masa shi ƙasa ya ce a dafa, bai ce a dafa da magariba ba.

Shekara ta juyo, ruwa ya sauka, masara ta dawo kasuwa, tukunyar koko ta koma aikinta. Zelia ta yi ƙiba har dariyarta ta dawo, sai dai ba ta zama a waje idan rana ta yi ja. Alima ta sayi irin kuɓewa a kasuwar Nima ta watsa a lungun don kada ya zauna haka. Ta fito doguwa, fara, ka zuba goma a miya kamar ka zuba ruwa. Takan ci haka nan. Ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sani ba, kuma ba ta yi ɗin ba, amma duk ranar da ta share bayan akwati sai ta ɗan daɗe a wurin.

Wata magariba a ƙarshen damina, suna zaune a ɗaki su uku, sai suka ji abu yana zuba a kan kwano. Zelia ta ƙanƙame hannun uwarta. Abdulai ya miƙa hannu wajen sandarsa. Amma wannan ba ƙwas ba ne irin na da, wani ɗan yaf-yaf ne mara nauyi, ya gangara ta kwarin kwanon, ya faɗa daron da suke tarar ruwan sama, sannan shiru. Babu wanda ya fita sai da gari ya waye.

A gindin daron Alima ta tarar da su, ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, cikin tafin hannu ɗaya, sababbi, da ɗan guntun tsumma a tsakiyarsu. Ta gane tsumman, daga tsohon zanenta ta yage shi. Ta daɗe a tsugune. Wani sashe na zuciyarta yana cewa wa zai sake wannan wahalar, ga tumaki, ga kaji, ga tsutsa, ga baya yana ciwo. Ta tuge kuɓewar kasuwa, ta shuka rabin ƙwayoyin, ta zuba rabi a wata kwalba da toka.

A rana ta biyar Zelia ce ta fara gani. Ta kira uwarta da ƙarfi, Alima ta fito da ludayin koko a hannu. Ga su nan sun fasa ƙasa, a jere, kowane da jan wuyansa.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa Zelia ludayin, ta ɗauko gwangwanin ban ruwa ta cika a randa, ta tsaya a bakin lungun. Ta san babu kowa a wurin yanzu, sun tafi Alajo. Duk da haka ta yi bisimilla, ta ɗaga murya yadda Inna ke yi.

"Masu wuri, ku kauce da 'ya'yanku. Ga ruwa nan, mai sanyi ne."

Ta ɗan dakata kamar mai jiran a wuce, sannan ta zuba.